Shawarar da na ba Yaya

Bayan haihuwata ta uku na gamu da lalurar da mata ba sa son faɗa. In na yi tari ko atishawa, sai fitsari ya ɗan zubo. Ina koyarwa a wata firamare a Haɗejiya, kuma malamar aji ba ta rabuwa da ɗaga murya, don haka na koma ɗaura zane biyu. Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato, ita ta koya mini abin yi.

"Malama, ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki. Safe da rana da yamma. In ba sauƙi, ki zo a duba ki."

Farkon maganar na riƙe, ƙarshen na watsar, domin cikin 'yan watanni na warke sarai. Sai na ɗauka na samu maganin kowace mace.

Yayata tana aure a wani ƙauye wajen Auyo. Haihuwarta tara, sana'arta turara shinkafa: ɗibar ruwa, ɗaga buhu, sauke tukunya. Da kaka na kai mata ziyara, ruwa bai gama janyewa ba, sai da na shiga kwalekwale sannan na hau babur. Na tarar da ita tana baza shinkafa a zaune, abin da ban taɓa gani ba. Da muka keɓe a ɗaki ta rage murya.

"Wani abu nake ji yana sauko mini, kamar ƙwai. In na daɗe a tsaye, nauyi kamar zai faɗo. Ko in zo Haɗejiya a duba ni?"

Ita da bakinta ta nemi asibiti. Ni mai boko na ce, "Haba Yaya, sai kin je an buɗe ki? Ni ma na yi irinsa." Ba irinsa ba ne, ban ma tsaya na tambaya ba. Na koya mata matsewar, muna ta dariya, na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Shekara guda muna waya. "Kina yi?" "Ina yi." "To ki ƙara." Ta daina zuwa biki, ta koma salla a zaune, amma ba ta daina ɗaga buhu ba, don ban ce ta daina ba. Ranar da ta ga jini, matar ɗanta ce ta ɗauko ta zuwa asibitin Haɗejiya ba tare da neman shawarar kowa ba.

Likitar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta ce mahaifa ce ta sauko har ta fito, ta yi rauni. Matsewar tana taimakon mata da yawa, in ji ta, amma sai an duba an san abin da ake fama da shi. Da an zo da wuri, wataƙila zoben roba mai tare mahaifa za a sa mata a hana ta ɗaukar nauyi. Yanzu sai aiki.

"Hajiya, me ya hana ki zuwa tun bara?"

Ina tsaye riƙe da mayafinta. Yaya ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Sakacina ne, likita."

An yi aikin, ta tashi, alhamdu lillahi. Sai dai ƙarfin bai dawo ba, sana'ar ta koma hannun wasu. Da ta kwana biyu a gidana tana jinya, wata rana da hantsi na zauna kusa da ita, na fara, "Yaya, maganar nan ta bara..."

Ta zame ɗankwalinta, ta juya mini baya. "Zo ki tsefe mini kan nan, ya dame ni."

Na tsefe. Furfurar ta fi yadda na zata yawa.