Kusoshin da Ba Sa Shiga Farfela

Ina jiran jirgin ruwa a Yelwa, sai ƙarar inji ta ja idona zuwa wani zaure. Wani dattijo ne tsaye gaban ƙaramin injin fiƙe ƙarfe, ya ɗaure tabarau da zare, ya naɗe hannun riga. Ba shago ba ne, gidansa ne. Ina jin tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya koma wa abin da ransa ke so.

Kusar farfelar jirgi yake fiƙewa. Yana aunawa, yana kai ta dab da idonsa, yana sake aunawa.

Wani matuƙin jirgi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Ta yi, Atiku?" in ji dattijon.

"Ta yi ras, Baba. Allah shi ƙara lahiya."

A bakin ruwa sai ga Atiku ya jefa kusar cikin wani gwangwani cike da irinta, ya ɗaura wa farfelar wata kusar da ya sayo a kasuwa. Ya lura ina kallonsa.

"Tun bara idon Baba ya tafi," ya ce. "Wa zai faɗa mashi?"

Daga nan ma ina jiyo injin. Dattijon ya kama fiƙe wata.