Bandir Uku na Kwanon Barira

Wata rana, ana tsakiyar damina, aka kira ni kwance gado a wata unguwa a Funtuwa.

Ga waɗanda ba su san ni ba sai a wannan shafi, ni kafinta ne. Ni nake ɗaura gadon amarya ranar jere, ni kuma ake nema in kwance shi idan aure ya mutu.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki, kuma wallahi na ga abin da ya ishe ni.

Na ga inda aka kwance ƙwan lantarki. Na ga manyan mata suna kokawa a kan murfin tukunya. Akwai gidan da 'yan kwasar kaya suka ɓamɓare ledar ƙasa tana yagewa a hannunsu, don dai kada mijin ya sake taka ta.

Shi ya sa ba na zuwa irin wannan aiki da kyakkyawan zato.

Matar, bari mu kira ta Barira. Shekara goma sha ɗaya da aure, 'ya'ya mata biyu, iddarta ta cika a makon nan. Mijin, Malam Ɗayyabu, malamin firamare ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Abin da ya raba su ban sani ba, ban kuma tambaya ba. An dai daidaita cewa yaran za su zauna wurin ubansu da kakarsu saboda makaranta.

Jagorar 'yan kwasar kaya gwaggon Barira ce, Gwaggo Ladidi. Irin tsofaffin nan ne da ko daga yadda suka ɗaura ɗankwali ka san yau akwai magana.

Na kwance gado, na kwance sif, aka loda a a-kori-kura. Ina tattara kayan aikina sai Gwaggo ta ce in aro tsani a maƙwabta.

Tsani kuma?

Ashe shekara huɗu da suka wuce iska ta yaye rufin ɗakuna biyun gidan. Albashin Malam bai kai ba. Barira ta kwashi adashenta, ta sayar da tunkiyarta, ta damƙa masa kuɗin kwano bandir uku a cikin ɗaki.

Ba takarda. Ba shaida. Daga su sai Allah.

Gwaggo ta zo da shirin zai musa. Ta riga ta shaida wa matan da suka rako ta cewa daga nan kotu za ta wuce.

Ni kuwa na san sana'ata. Kwanon da aka ɓare daga rufi ya gama yawo. Duk inda ƙusa ta shiga huji ne, ko 'yan gwangwan sai sun yi maka tayin wulaƙanci. Ba kuɗi ake nema ba. So ake a bar mutumin nan da tsohuwarsa da 'ya'yansa a fili.

Ga hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

Gwaggo ta tsaya a tsakar gida, ta nuna sama.

"Ɗayyabu, kwanon nan na waye?"

"Na Barira ne, Gwaggo. Bandir uku, har da kuɗin ƙusa. Ban manta ba." Ya juyo gare ni. "Malam kafinta, hau ka cire mata abinta. Mu ma koma zaure kafin Allah ya hore."

Ya zo da kansa ya riƙe min tsanin.

Na taka matakala ta farko. Sai na ji muryar Barira daga ƙofar ɗaki.

"Sauko, malam kafinta. Gwaggo, aurena ne ya mutu, ba 'ya'yana ba. Su wa za su kwana a ƙarƙashinsa?" Ta dubi mijin da ya sake ta. "Baban Sumayya, a bar shi inda yake."

"To ajiya ce, Maman Sumayya," in ji shi. "Ba kyauta ba."

Na sauko daga tsanin.

Gwaggo ta nemi turmi ta zauna, tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Kafin a gama ɗaure tamfol a kan kaya, ruwa ya ɓarke. Dukkanmu muka ruga muka fake a ƙarƙashin kwanon nan, har da Gwaggo. Ita ce ma ta fi kowa matsawa ciki.

Na koma gida ina cewa ai ranar ce kawai, idon jama'a ne. Na san mu, bayan wata biyu an manta da zancen ajiya.

Bayan shekara uku Malam Ɗayyabu ya kira ni, ɗaki na yoyo. Na hau na duba, na ce falle ɗaya ya yi tsatsa, sai an canza.

Ya ce in dakata.

Ya ciro waya ya kira yayan Barira, don ita ta yi aure a Malumfashi, ba zai kira matar wani ba. Ina saman rufi rana na dukana, ina jin sa yana neman a tambayo masa ita ko ta yarda a taɓa kwanonta.

Sai da amsa ta dawo na sa guduma.

Da na sauko ya nuna min wata takarda da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Washegarin kwasar kayan ya je ya sa aka rubuta. Duk ranar da aka sayar da gidan, ko aka zo rabon gadonsa, a fara fitar wa Barira da kuɗin rufi, a farashin ranar.

Ita ba ta nema ba. Har yau ban tabbata ta san da takardar ba.

Na ce bari in tafi da tsohon fallen in jefar masa. Ya girgiza kai, ya ciro alli daga aljihu, irin na malaman makaranta, ya rubuta a jikin tsatsar: BARIRA.

Ya kai zaure ya jingine.

Ni da nake tsammanin na gama sanin mutane, sai da na juya baya na share ido.

Darasi: Saki yana warware igiyar aure, ba ya warware haƙƙi. Abin da aka damƙa maka a ɗaki ba shaida, ka amsa shi a tsakar gida da bakinka. Idan kuma haƙƙinka ne a hannun wani, kafin ka ce a ɓare, duba su wa ke kwana a ƙarƙashi. Ma'aurata kuma, don Allah ku riƙa rubutawa tun ana dariya, ba kowa ne Malam Ɗayyabu ba.

Tura wa wanda ka san ana shirin kwasar kaya a gidansu. Wataƙila ka hana a aro tsani.