Fari Kan Fari

Har yau ban manta da ranar da Malam Isiyaku na Kusfa ya fara shigowa shagonmu na aikin kwamfuta da ke Ƙofar Kuyambana ba. Damina ce, ciniki ya mutu, Oga ya koma reshen Kaduna ya bar ni daga ni sai kwamfuta. Wani lokaci sai in wuni ban yi magana da kowa ba.

Malam tsohon mai ɗinkin hannu ne. A da zaurensa cike yake da maɗinka, yanzu shi kaɗai ya rage. Ɗansa da ke Abuja ya buɗe shagon manyan riguna, yana son hoton aska biyu, adon rigar da Malam ya ɗinka, ya zama tambarinsa, amma a cire farin bayan hoton.

"Ya daɗe bai nemi komai a wajena ba," in ji Malam. "Don Allah kada a ba shi kunya."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, abu ne mai sauƙi. Akwai maɓallin da in ka taɓa fari sau ɗaya, sai ya kwashe duk farin da ke hoton. Na danna ina ta cika baki. Sai allo ya koma wayam.

"Subhanallahi! Ina ɗinkin ya tafi?"

Ashe farin zare ne a kan farar shadda, kwamfuta kuwa ba ruwanta, fari fari ne. Na dawo da hoton, na ce sai dai a bi gefen zaren da hannu, a hankali. Ni kuma idona ba ya raba zare da yadi. Malam ya jawo kujera.

Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar. Yana nuni da tsinken tsintsiya, ina bi da linzamin kwamfuta. "A'a, yaro, nan ba zare ba ne, inuwarsa ce." A tsakani yana ba ni labarin abokan ɗinkinsa, wane ya rasu, wane ya koma acaɓa. Gaskiya na ji daɗin zaman nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Da aka gama na tura Abuja. Amsar da ta zo kalma biyu ce: "Ya yi." Na karanta wa Malam, ya gyaɗa kai, ya tafi.

Washegari bayan la'asar sai ga shi a bakin ƙofa.

"Na ce ko akwai sauran farin da ba a cire ba?"

Babu ko ɗigo. Na dube shi, na buɗe kwafin hoton na asali da ba mu taɓa ba.

"Akwai, Malam. Da yawa ma."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga wannan sana'a, ba kowa ke zuwa shago don a gama masa aiki ba.