Waken Baba Ɗanbuba da Allon Gudu

Har gobe ba na mantawa da ranar da waken wani dattijo ya kusa raba ni da Innata. Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan, ku gyara zama, labarin ba na sauri ba ne.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a ofishinmu na kula da hanya, an ba ni wani yanki na titin Anka zuwa Gummi, daidai wani ƙauye kafin mararrabar Bukkuyum. Aka kafa mana allon gwaji mai fuska uku, ana juya shi da hannu. Ranar da hanya ba cunkoso a nuna tamanin, wato kilomita tamanin a awa. In an yi ruwa, hamsin. Ranar kasuwa kuwa, da jakuna da masu fura suka cika bakin titi, talatin. Ni ne mai juyawa, har na rubuta ƙa'idar da ajami a bayan allon don kada shaiɗan ya mantar da ni. Aikin ya yi mini daɗi, domin kullum a Bukkuyum nake kwana, wurin Inna, ga tsufa ga ciwon ƙafa, ba ta da mai ɗebo mata ruwa sai ni.

Da kaka ta kama, sai allon ya fara juya kansa. In saita shi bayan sallar asuba, in dawo da hantsi in tarar da hamsin, alhali an daɗe ba a ga hadari ba. Na ce iska ce, na ɗaure shi da waya. Washegari na iske an kwance wayar, an naɗe ta tsaf, an rataye a jikin ƙarfen. Ni dai ban san iska da irin wannan ladabi ba.

Wata ranar kasuwa shugaban sashenmu, Oga Lawali, ya biyo hanyar, ya ga hamsin inda ya kamata a ga talatin. Ya kira ni ofis.

"Malam Shehu, aljanu ne ke taya ka aiki?"

"Ranka ya daɗe, in su ne, ba su sanar da ni ba."

"To, kafin kasuwa mai zuwa ka kawo mini mai taɓa allon nan. In ba haka ba, Gusau za ka koma, ka riƙa gadin tayoyi a sito."

Da safe na saita allon, na sami gindin ɗorawa na zauna da carbina. Can sai ga Baba Ɗanbuba da jakinsa, aminin marigayi mahaifina, wanda shi ya yanka ragon sunana. Ya sauke buhuna, ya baza wake da kwasfarsa a kan kwalta, ya sa sandarsa ya juya allon gwamnati zuwa hamsin, ya shimfiɗa buzu ya zauna kamar mai jiran almajirai su kawo hadda.

Na fito na durƙusa na gaishe shi. Sai da muka gama tambayar Inna da ƙafarta, sannan na ce, "Baba, allon nan fa?"

"Ɗan Malam, wanga allo naka bai da tsakaitawa. Tamanin, iskar mota ta kwashe min waken ta kai daji. Talatin, su lallaɓo kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa, har su sami zarafin kauce mishi. Hamsin ɗin nan ita ad daidai, taya ta murje kwasfa, ni in sheƙe."

"Ina 'ya'yanka, su Buba? Ba su buga maka ba?"

"Suna ramin zinari. Uwargida kuma ta tsufa, hannu ya ƙi taɓarya."

Na koma gida ina ta lissafi. In rubuta sunan wanda ya yanka ragon sunana a takardar tuhuma, da wane ido zan shiga masallacin garin? In yi shiru kuma, Inna ta zauna ita kaɗai. Na yi ta addu'a, daga bisani na ce wa Oga, "Na gano shi, amma bakina ba zai iya faɗa ba. Zo ka gani da idonka."

Muka tafi a motar sintiri, Oga na tuƙi. Da ya hango waken ya rage gudu, ya ratse gefe. Baba ya miƙe yana ɗaga sanda.

"Kai mai hwarar mota, mi waken ya yi maka? Koma ka taka!"

Oga ya fito yana danne dariya, ya cire hula ya gaida shi. Ya bar shi ya gama bayanin hamsin tun daga farko. Sannan ya ce, "Baba, mota tana da ƙafa huɗu. Ɗan kabu-kabu fa, ya ɗauko mai ciki za ta asibiti, ya hau waken nan da gudun hamsin ranar kasuwa?"

Baba ya dubi kwaltar. "Wanga kam gaskiya ta," ya ce. "To, wa za ya buga min?"

Oga ya waiwayo ya dube ni. Ban so kallon ba.

A ranar aka sa wa allon kwaɗo, aka bar mini makulli, aka bar ni a wurina. Amma har kakar ta ƙare, duk yammacin da na tashi aiki, sai Baba ya baza wakensa a tsohuwar hanyar burji da aka daina bi, ni kuma in yi ta kai da komo a kai da motar sintiri, da izinin Oga. Baba na kan buzu yana ba da umarni: "Ƙara wuta, ɗan Malam. A'a, ka yi yawa. Kai, wa ya ba ka lasin?"

Abin da na koya shi ne, lambar da ke kan allo ofis ke yanke ta, amma masu zama bakin titi ke raya ta. Saboda haka in an tura ku kafa alama a wani gari, kafin ku haƙa rami, ku sauka ku gaida dattawan wurin, ku tambaye su me suke yi da titin in ba ku nan. Allah Ya kai mu gida lafiya, mu da masu bin hanya.