Wasa na Biyar na Malam Babayo Mai Agogo

Duk wanda ya taɓa kai agogo gyara bakin babbar kasuwar Azare ya san Malam Babayo, ya kuma san bakinsa. Zuciyarsa a wuya take. Da wayar hannu ta kashe masa sana'a, sai da ya zage ta tas, sannan ya ture agogunan gefe ya shimfiɗa allon ces a kan teburin. Ces ɗin nan, darar Turawa mai sarki da doki, Nnanna mai sayar da kayan babur ne ya koya masa tun suna da baƙin gashi. Kafin shekara ta zagayo ɗalibi ya koma lallasa malami.

Ya ci 'yan kasuwa, ya ci ma'aikata, ya ci ɗaliban kwaleji. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya sha kashi, ya miƙe yana karkaɗe wando ya ce, "Baba, ka ci dai a nan. Amma ba ka da lamba, wadda ake auna ƙarfin ɗan wasa da ita. A duniyar ces ba a san da zamanka ba."

Maganar nan ta tsaya masa a rai. Ga shi yanar ido ta fara rage masa gani, tafiya Bauchi ko Kano gasa kuwa ta fi ƙarfinsa. Don haka da aka ce za a kawo gasa mai ba da lamba har cikin Azare, shi ya fara rubuta suna.

Alƙalin wasa, Malam Sha'aban, ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

"Malam, marar lamba sai ya kara da masu lamba biyar. Mu haɗa lambobinsu mu fitar da matsakaici. Ka ci fiye da rabi, a ɗora ka sama da matsakaicin. Ka gaza rabi, a sauke ka ƙasa da shi."

"Wanda na ci marar lamba fa?"

"Ba ya shiga lissafi."

"Wato Nnanna da nake ci tun kafin a haife ka, a banza?"

"A banza. Sannan ana ƙara maka kunnen doki biyu da wasu 'yan wasa na ƙaddarawa, don kada lambar ta yi tsalle."

"Aljanu ke nan! To su aljanun ba sa cike mini biyar ɗin?"

"Ba sa cikewa, Malam."

Babayo ya yi tsaki ya tashi. Kafin zagayen ƙarshe ya haɗu da masu lamba huɗu, ya ci biyu, biyu suka ci shi. Saura ɗaya. Da aka kira sunayen masu karawa sai ga shi an haɗa shi da Uzairu, malamin makaranta ɗan Udubo da ya samo lambarsa tun yana jami'a. Uzairu kuwa shi ne mijin Ummi, 'yar Babayo ta fari. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa zama kujera a gaban surukinsa ba, bai taɓa cin abinci yana kallo ba. In ya hango shi a hanya, lungu yake shiga.

Babayo ya zauna. Aka danna agogon wasa. Kujerar gabansa wayam.

Nnanna ya matso yana washe baki. "Mai agogo, ka ci banza! Surukinka ya bar maka. In lokacin jira ya cika, wasa naka ne."

Malam Sha'aban ya girgiza kai. "Makin gasa nasa ne. Amma wasan da ba a buga ba ba ya shiga lissafin lamba. Huɗu zai tashi da su."

"Ka ce me?"

"Huɗu, Malam. Baƙi masu lambar da suka zo gasar kuma yau za su koma."

Babayo ya miƙe har kujera ta kife. "Ina yake?"

"Ga shi can gindin darbejiya tun ɗazu," in ji Nnanna.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Duk tsawon surukutarsu "mijin Ummi" yake ce masa, amma yau sai ya ƙwala, "Uzairu!"

Uzairu ya taho da takalmi a hannu, ya durƙusa, kai a ƙasa. "Baba, Allah ya huci zuciyarka. Na ga bai dace in zauna daidai da kai ba. Na ce in bar maka."

"Ka bar mini? Sadaka na zo nema? Ka ɗauke abin da na kwashe rayuwata ina jira, ka ce girmamawa ce! Kunyarka ta fi rashin kunyar wani cutarwa. Tashi ka zauna!"

"Baba, to in tura soja ɗaya in sallama. Alƙali zai lissafa."

"In ka yi haka ka zage ni a gaban Katagum kaf. Lamba nake so tawa, ba wadda surukina ya saka mini a aljihu ba. Na rantse, in na ga ka sake mini ko soja ɗaya da gangan, kada ka ƙara taka ƙofar gidana!"

Uzairu ya zauna a gefen kujera kamar mai shirin gudu, ƙafa ba takalmi. Ya ja hula ya rufe goshi. Duk wasan bai ɗago ido ba, allo kawai yake kallo, kuma a kan allon babu kunya ko ta anini. Ya cinye doki. Ya danne sarauniya a lungu. Kowace cinyewa sai ya ce can ƙasa-ƙasa, "A gafarce ni, Baba," har alƙali ya tsawata a yi shiru. Babayo yana ta huci, yana kanne idon nan mai yana, yana neman mafita. Babu. Da kansa ya kwantar da sarkinsa.

"Ɗan nema! Ashe haka kake, kake sunne kai kamar na Allah?"

Uzairu ya sulale ƙasa ya sake durƙusawa. Malam Sha'aban ya ce, "Biyar sun cika, Malam."

Da wata ya kama, Nnanna ya zo teburin agogo da waya a hannu, ya karanto: dubu ɗaya da ɗari biyar da 'yan kai, ga sunan Babayo a gefe.

"Da ka bar shi ya sallama, da ta fi haka," in ji Nnanna.

"Rufe mini baki. Kai nawa ce taka?" Ya fizge wayar nan da ya tsana, ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya shiga jera sojoji a kan allo da ƙarfi, kamar su suka yi masa laifi. "Ka aika a gaya wa Ummi, mijinta ya zo nan bayan la'asar. Kuma ya zo da takalminsa a ƙafa. Dokina zan rama."