Zaren da Na Ɗaura wa Ɗan Ƙanwata

Ɗan ƙanwata masunci ne a Argungu, irin masu nutso. Yakan bar goransa a saman ruwa, ya shige ƙasan gulbi da homa, wato komar hannu, ya daɗe har na bakin gaɓa su fara kallon juna, sannan ya ɓullo da kifi. Da wannan nutson yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da uwarsa. Dambe kuwa na kaka ne, in an gama yankan shinkafa. Ni nake ɗaura masa zare a hannu, don ni ma na yi kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Ƙaramin jiki gare shi, amma ban ga mai idonsa ba. Kafin naushi ya baro kafaɗa ya riga ya bar wurin. Ba ya yawan kisa, wato kai mutum ƙasa. Yawanci turmi uku ake yi a raba su, abokin karawar yana haki, shi ko ƙura bai kwasa ba.

A Birnin Kebbi kuma akwai wani mahauci, ƙato, wuya kamar kututturen giginya. Bai iya kauce wa komai ba, amma in hannunsa ya sauka an gama. Makaɗa sun gaji da lissafa waɗanda ya kashe.

A rumfar mai shayi ta kusa da 'yan albasa muke musun wa ya fi. Wani dillalin albasa, abokina tun na ƙuruciya, shi ke ja da ni.

Ya ce, "Mu ƙidaya muka sani. Wanga yaro naka, wa yak kashe?"

Na ce, "Shi naku wa ya kashe, ban da 'yan ƙauye da ba su san hagu da dama ba? Da a ce jikinsu ɗaya ne, ko gashin kan yarona ba zai taɓa ba."

"Da a ce! An shuka ta a fadama, ba ta tsira ba."

Aka yi dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Dariyar ce ta ci ni. Na buga benci na ce, "To, ko a haka ma zai iya da shi." Maganar ta hau motar albasa, ta riga ni isa Birnin Kebbi.

Lokacin ba a kawo sikeli gidan dambe ba. Ɗan dambe yakan tsallaka fili ya miƙa wa wanda yake so hannu, shi ke nan ya nema. Amma akwai ƙofar fita. Babban da ke ɗaura wa yaro zare yana iya cewa, "Ba sa'arsa ba ne," kuma ba wanda zai kira yaron matsoraci, don ba shi ya ƙi ba. Saboda haka ake ajiye tsoho a bayan ɗan dambe. Yaro ba ya iya cewa a'a gaban kalangu.

Ranar da muka je dambe Birnin Kebbi, bayan la'asar mahaucin ya ratso fili, ya wuce manya sa'o'insa, ya tsaya kanmu ya miƙa hannu. Ɗan ƙanwata bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ɗora hannunsa a cinyata, ya ce a hankali, "Kawu, mi kag gani?"

Na ga abin da kowa ya gani. Na kuma hango dillalin albasa a cikin 'yan kallo, yana murmushi yana gyara hula. Na ɗauki zaren na fara naɗi.

Turmi biyu yarona ya yi yana wasa da ƙaton. Har yau ina cewa ba a taɓa dambe mai kyau kamar wannan ba a filin. Ya mare shi da zare a fuska ya fi a ƙirga, mahaucin yana dukan iska, fili yana ihu. Sai dai naushinsa bai ko girgiza wuyan nan ba. A turmi na uku ƙafarsa ta ɗan zame a yashi, hannu ɗaya ya same shi a kunnen hagu. Da muka ɗaga shi, jini na bin wuyansa.

A asibiti suka ce dodon kunnen ya fashe. Ya warke, ya koma gulbi. Nutson farko ruwa ya shiga, jiri ya kwashe shi a ƙasa, sai da 'yan'uwansa masunta suka jawo shi. Ya sake gwadawa bayan damina, haka. Daga nan bai ƙara ba.

A rumfa dillalin bai yi mini gori ba. Cewa kawai ya yi, "Ƙidaya ta ƙaru da guda," ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Yanzu ana auna 'yan dambe a sikeli, ƙarami da ƙarami. Samari suna musu a waya, suna jera gwanaye da yawan kisa da baburan da suka ci. Mahaucin yana cikin jerin. Wanda ya yi turmi biyu yana wasa da shi, sai dai a ce, "wani ɗan Argungu da ya kashe."

Ƙanwata ta rasu ba ta ɗaga mini maganar ba. Ɗan nata kuma yana nan bakin gulbi, yana ɗinke komar mutane, yana sayen kifi hannun waɗanda ya koya wa nutso, matarsa ta soya ta sayar. Kwanaki na je na zauna gefensa, na yi ta magana a kan tsadar taki da ciwon gwiwa. Bai ɗago daga ɗinkin ba sai can.

Ya ce, "Dawo ta dama, Kawu. Kunnen hagun yana Birnin Kebbi."

Na tashi na zagaya.