Mai-Kunne da Tsuntsun da Aka Jingina wa Hankaka

Haihuwa

An haife ta a shekarar 1948 a wani ƙaramin gari na bakin daji, mahaifinta mai gyaran rediyo, mahaifiyarta tela. A shagon uban ta koyi saurare, har takan gane ciwon rediyo kafin a kwance shi. Shi ya sa ake ce mata Mai-Kunne, laƙabin da ya danne sunanta na yanka.

Karatu da aiki

Bayan ta kammala nazarin halittu a jami'a a 1972, ta kama aiki a ɗakin adana tsuntsaye, inda ake jera busassun gawawwakinsu cikin durowa, kowanne da alama ɗaure a ƙafa. A nan ta tarar an cusa wani baƙin tsuntsu mai farin ƙirji da doguwar wutsiya cikin jinsin hankaka, saboda rigarsu ta zo ɗaya kawai. Ita kuwa tun tana yarinya take jin waƙarsa a bayan shagon babanta, kuma kowa ya san hankaka ba mawaƙi ba ne. Manyan malamai ba su taɓa jinsa ba, domin tsuntsun durowa ba ya buɗe baki.

A 1981 ta nemi a ware masa jinsi nasa da suna nasa, aka yi watsi da hujjarta. Shugabanta ya ce, "Malama, kunne ai ba ma'auni ba ne." Ta ce, "Ranka ya daɗe, kama da wane ba wane ba ne." Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta janye ba.

Aure da iyali

Ta auri wani direban bas, mutum mai barkwanci, wanda ya sha ƙorafin cewa tsuntsu ya fi shi samun sauraro a gidan. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2008, jinta na raguwa, tsuntsun kuma yana nan a durowar hankaka. A 2015 autarta, wadda ta gaje ta a aikin, ta gwada ƙwayoyin halittarsa, sakamako ya tabbatar da maganar uwar. Aka ware jinsin, aka raɗa masa sunan Latin mai ma'anar "wanda aka saurara". Sai da autar ta yi ta ɗaga murya a kunnenta tana ba ta labarin kafin tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ke, daina ihu. Ni ai na daɗe da ji."

Rasuwa

Ta rasu a 2019, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar ɗa likita, ɗa makaniki, da autar nan, wadda da hannunta ta kwashe tsuntsayen daga durowar hankaka ta mayar da su tasu durowar.